Farautar Hudowar Rana a Bakin Gulbin Kabi

Sana'ata ɗaukar hoton biki ce a Kano, kuma mai wannan sana'a ya saba da juya haske yadda ya ga dama. Zaure ya yi duhu, ka kunna fitila. Goshin amarya ya yi ƙyalli, ka rage filasha, ka ce ta ɗan juyo. Hoton fili kuwa, na gulbi da fadama da sararin sama, ba ka da makunni, ba ka da wanda za ka ce wa ya matsa. Son in gwada hannuna a nan ne ya kai ni Argungu a watan Janairu, kuma da gangan na zaɓi lokacin da ba a bikin kamun kifi, don ba taro nake nema ba. Ɗan yayata ya maƙale sai ya bi ni. Ya gama sakandare yana zaman jiran jami'a, ba shi da komai sai wayarsa da ɗokin a yaba masa a Instagram. Na ce ya zo, ko ba komai ya ɗaukar mini ƙafa-uku, wato sandunan da ake ɗora kyamara a kai.

Da rana muka yi tafiyar Kano zuwa Sakkwato, don a zamanin nan ba a wasa da hanyar dare, muka kwana a can. Washegari muka shiga motar Argungu, tafiyar kilomita 100 ko kusa da haka. Tun daga tasha sama fari take fat, bishiyoyin nesa ana ganinsu dishi-dishi, leɓe sai tsagewa yake. Direba ya ce kwana da kwanaki ke nan ba su ga shuɗin sama ba. Yaron ya dube ni, na yi kamar ban ji ba.

Mai masaukinmu malamin makaranta ne, tsohon abokin karatuna. Bayan la'asar muka hau babura ya kai mu Matan Fada, inda ake gasar kamun kifin nan da ta fitar da sunan garin duniya. Wanda ya san wurin a talabijin kawai, da dubban mutane suna rugawa cikin ruwa da homa da gora, zai yi mamakin shirunsa. Rumfunan 'yan kallo wayam, awaki na kiwo a gefe. Asalin bikin yadda aka san shi yau 1934 ne, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wannan yanki na ruwa yana hannun Sarkin Ruwa, ba a su a cikinsa sai ranar biki, shi ya sa giwan ruwa ke samun sarari ya girma. A wurina ma'anar wannan ita ce, in ina son masunta a hotona, sai mu nemi wani gefen gulbin.

Ba yawon buɗe ido kawai ya fito da mu a yammacin nan ba. Mai son hoton hudowar rana tun jiya yake zaɓen wurin tsayuwarsa, domin da asuba duhu ba zai bar shi ya ga inda rami yake ba, balle ya tsara abin da zai shiga hoto. Na buɗe kamfas ɗin waya na nuna wa yaron. Da yawa sun ɗauka kullum daga gabas sak rana ke fitowa. Sau biyu kawai take yin haka a shekara, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A Janairu tana karkata ne wajen kudu da digiri 20 da 'yan kai, a Yuni kuma ta koma wajen arewa da kusan haka. Duk dattijon da ke zama a ƙofar gidansa da hantsi ya san wannan daga inuwar katanga, ko bai taɓa jin kalmar digiri ba. Da muka auna sai muka ga daga inda muke tsaye rana za ta fito mana ta baya ne, ta kan rufin gidajen gari. In muna son ta faɗo a kan ruwa, dole mu ƙetare mu juyo.

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin magariba mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo mai kwalekwale. Muka durƙusa muka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen gida, sannan na faɗi buƙata. Ya yi shiru yana dubana.

"Hoton mi za ku ɗauka da assuba, ba kowa wurin?"

Na ce, "Baba, hoton ruwan da ranar."

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce to Allah shi kai mu, mu same shi bayan salla.

Akwai lissafin da ya kamata baƙo daga gabas ya yi. Agogon Najeriya ɗaya ne, amma rana ba ta bin agogo. Kowane digiri ɗaya da ka yi yamma, tana makara da minti 4. Kano tana wajen digiri 8 da rabi a gabas, Argungu wajen 4 da rabi, wato tsakaninsu kusan minti 16. Mutumin Maiduguri kuwa sai ya ƙara fiye da rabin awa. Mai azumi ya san wannan sarai, tunda yana ji a rediyo an sha ruwa a Borno shi kuwa rana na nan a sama. Don haka a tsakiyar Janairu sai bakwai ta ɗan gota rana ke ɓullowa a Argungu, alfijir kuma yana ketowa gab da ƙarfe shida. Wannan rahama ce ga mai hoto: ka yi sallarka cikin jam'i a natse, ka sha ruwan zafi, kuma ka isa bakin ruwa da sauran duhu.

Ɗarin bakin gulbi daban yake da na cikin gari, yana shiga har ƙashi. Mun ɗauka mun yi sammako, ashe wasu a tafe suka kwana. Ga masunta can sun hura wuta suna ɗumi, wani har ya dawo daga duba ragarsa. Baba ya tura kwalekwale da gora doguwa, ba ka jin komai sai ruwa na lasar katako. A ƙetare na kafa ƙafa-uku a kan busasshiyar laka, na danna ƙafafun sosai don kada su nutse a hankali su karkatar da hoton.

Abu uku ke hannun mai kyamara, na faɗa wa yaron yana riƙe mini tocila. Akwai faɗin ƙofar da haske ke shiga, wadda ake rubutawa f/5.6, f/8, f/11. Duk matakin da ka hau a jerin nan ka rage rabin hasken, amma ka ƙara zurfin abin da zai fito garau daga gabanka har nesa. Akwai tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido kafin ta ƙifta. Sai ISO, wanda in ka ɗaga shi za ka samu hoto a duhu amma da tsakuwa-tsakuwa a jikinsa. Tunda ƙafa-uku na riƙe da kyamara, na bar ISO a 100, ƙofa a f/8, na ƙyale lokacin ya yi tsawonsa. A wannan duhu-duhun ya kai sakan guda, daga baya rabin sakan. A irin wannan jinkiri danna maɓalli da yatsa ma girgiza ce, don haka na sa kyamarar ta ƙirga sakan 2 bayan na cire hannu. Na kunna layukan da ke raba fuskar kyamara don ruwa ya kwanta daidai. Gulbin da ya karkace a hoto, ko wanda bai san komai ba zai ji wani abu ya dame shi.

Bakwai ta yi. Bakwai da minti goma. Gabas ta yi haske amma babu ja, babu ruwan goro, babu komai sai toka-toka.

"Kawu, ina ranar?"

Baba ne ya amsa daga cikin kwalekwale, ya lulluɓe da bargo. "Ku zamna, ɗiyana. Wanga hazo ba shi barin ta hito daga ƙasa. Bisa za ku gane ta."

Haka kuwa aka yi. Sai da muka ƙara kusan minti ashirin sannan ta bayyana, ba a bakin ƙasa ba, can sama da kan giginyu, fara sol, da'irarta a yanke tsaf kamar sabon faifai da aka rataye. Babu tartsatsi, babu zafi. Yaron ya ɗaga waya ya ɗauka ya duba, ya yi tsaki. Hoton ya fito launin siminti.

Nan ne na ga gara in tsaya in yi masa bayanin abin da kyamara ke yi a ɓoye, don duk wanda bai gane shi ba zai yi ta zargin wayarsa a banza. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, na waya ko na babba, bai san hazo ba, bai san dare ba. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ba fari ba ba baƙi ba. In ka nuna masa fili mai haske fari, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, farin ya koma toka. In ka nuna masa duhu, ya ƙara, baƙin ya koma toka. Saboda haka a safiyar hazo ƙara haske ake yi, ba ragewa ba. Na murɗa maɓallin gyaran haske zuwa +0.7, wani lokaci +1, sai hazon ya dawo da laushinsa da farinsa. A waya kuwa ka dafa yatsa a kan fuskar har ta kulle, sannan ka ja alamar ranar nan sama kaɗan. Haka ma launi: in ka bar wa kyamara zaɓi, za ta wanke ɗan ruwan ƙasa-ƙasan da ƙura ke bai wa sama, wanda shi ne ainihin kamannin hunturu. Na sa ta a ma'aunin hasken rana, wajen 5500K, na bar ta a nan.

Wata matsalar ita ce saiti. Kyamara na neman gefen abu mai kaifi ne ta kama, hazo kuwa ya shafe gefuna, sai ka ji gilashin gaban kyamarar na kai da komo ya rasa madafa. Na kashe saitin kai-da-kai, na nemi kan wata giginya, na jawo ta a fuskar kyamara na murɗa da hannu har ganyenta ya fito, ban sake taɓawa ba.

Ra'ayina, kuma na san akwai masu hoto da ba za su yarda ba, shi ne safiyar hazo ta fi kowace sauƙi ga mai koyo, kuma ta fi ba da hoton da ya yi kama da ƙasarmu. Tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da mafi duhu ta ragu, kyamara na iya ɗauke duka a bugu ɗaya. Sannan hazo na jera abubuwa sahu-sahu: ciyawar gabanka baƙa, kwalekwalen tsakiyar ruwa toka mai duhu, giginyun ƙetare toka mai haske, na bayansu kuma da ƙyar ake ganinsu. Wannan jerin shi ke sa ido ya ji nisa. Gilashi mai faɗi ba ya nuna shi, sai ya cika hoton da farin sama mara komai. Na sa mai jawowa, wajen milimita 135 zuwa 200, na matse sahun nan wuri guda. Sharaɗi ɗaya ne: a samu abu mai duhu sosai a kusa, ko turke, ko mutum, ko bakin jirgi, wanda ido zai dafa. In babu shi hoton duka sai ya zama dusu-dusu. Da wani saurayi ya miƙe a kwalekwalensa ya yi lilo da birgi ya watsa, ragar ta buɗe da'ira a ƙarƙashin farar ranar, na ɗaga ISO zuwa 400 na kai ƙiftawa 1/500 na sakan don igiyoyin su tsaya cak. Sai da ya yi jifa da yawa kafin hannuna da nasa su zo daidai.

Ƙurar nan daga nesa take. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, tana kuma kaɗawa daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Laushin nan nata shi ne haɗarinta ga kayan aiki. Ba na canza gilashi a fili. In dole ne, sai in juya wa iska baya, in kifa bakin kyamara ƙasa, in yi da sauri a cikin jaka. Na hana yaron goge idon wayarsa da bakin riga, domin ƙurar na karce gilashi. A fara hure ta da 'yar robar busa iska, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi. Mai son ya san ko ƙura ta shiga cikin kyamararsa, ya sa f/16 ya ɗauki sama kawai, zai ga ɗige-ɗigen a fili.

Da hantsi ya ɗaga muka koma gari muka karya da kunu da ƙosai. Rana tsaka ba lokacin hoton fili ba ne, sai muka tafi gidan tarihi na Kanta. Ginin shi ne fadar sarakunan Kabi har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta da ya kafa daular a farkon ƙarni na 16, mai birnin Surame. Akwai masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan su na dā, kuma a nan makwancin sarakuna yake, don haka mutum ya shiga da ladabi ya tambaya kafin ya ɗaga kyamara. Na daɗe a gaban wata homa ina duba yadda aka lanƙwasa sandunanta. Da dare matar mai masaukinmu ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wanda ke sa baƙo ya manta da kunya.

Wani dare iska ta kwanta, muka fito muka ga taurari tar. Baba ya ce gobe za mu ga ranar da muke nema. Yaron ya yi murna. Ni kuwa na san aiki ne ya zo.

Safiyar da sama ta washe ita ce mai wuya, kuma wuyar iri biyu ce. Ta farko gaggawa. Mu da ke kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, Argungu tana wajen digiri 12 da rabi ne a arewa, rana kusan a miƙe take hawa. Hasken da ake iya aiki da shi kafin hudowarta bai fi minti 20 da kaɗan ba, alhali a Ingila lokacin zafinsu yana haura minti 40. Daga sanda gefenta ya leƙo zuwa sanda ta fito duka, minti 2 ne da 'yan sakanni. Bidiyoyin koyarwa da yaron ke kallo a YouTube suna maganar awa guda ta haske mai ruwan zinare. Wannan lissafin ƙasashensu ne. A nan in ka samu minti 20 zuwa 30 ka gode Allah, daga nan haske ya yi fari ya yi kaifi. Mafi kyawun launi ma kafin ta fito ne. Ranar nan wajen bakwai saura kwata gabas ta yi ja, ta koma ruwan lemo, ruwan gulbi ya kwashe launin duka, ga wani siririn tururi na tashi daga kansa saboda ruwan ya fi iska ɗumi. Wanda ya iso bakwai daidai ya tarar an tashi kasuwa.

Ta biyu ita ce tazara. Sama na ƙuna, gaɓar gulbi na cikin duhu. Idon mutum na ganin duka biyun don yana gyara kansa duk inda ya juya, kyamara kuwa ba ta iyawa. In ka biye wa ƙasa, sama ta ƙone ta zama fari fat. In ka biye wa sama, ƙasa ta zama baƙi ƙirin. Kuma ba daidai suke ba wajen gyara: duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, musamman in an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan, babu abin da ke ciki. Saboda haka a nan ragewa ake yi, -1 ko fiye, akasin safiyar hazo. Kada kuma a yarda da yadda hoto ya bayyana a fuskar kyamara, don a duhun asuba komai na yin kyau a ido. Akwai jadawalin haske da ake kira histogiram, mai kama da tudu. In tudun ya je ya jingina da bangon dama, sama ta ƙone, a rage.

Daga nan zaɓi ya rage naka. Ko ka yarda ƙasa ta yi baƙi, ka nemi sura mai kyau, giginya ko masunci a tsaye, ka tabbata ba ta haɗe da baƙin gaɓa ba. Don haka na tsuguna har gwiwata ta shiga laka, don kan mutumin da kafaɗunsa su fito a kan ruwa mai haske. Ko kuma ka ɗauki hoto 3 a jere ba tare da motsa kyamara ba, ɗaya a -2, ɗaya a 0, ɗaya a +2, ka haɗa su daga baya. Wannan na aiki ga bishiya da gaɓa, amma kwalekwale ba ya jiranka, zai fito biyu-biyu. Abin da wayar yaron ke yi da kanta ke nan da sunan HDR, kuma gaskiya ta yi ƙoƙari, sai dai tana wuce gona da iri, ta haska inuwa har hoton ya rasa asubarsa, ka rantse da hantsi aka ɗauka. Da ya kulle hasken a kan sama ya ja shi ƙasa, sai ga hoton da ya fi wasu nawa. Ruwa ma taimako ne: hoton sama da ke cikinsa ya fi saman kanta duhu, ya kuma fi gaɓa haske, don haka in ka ba shi rabin hoto ko fiye, tazarar ta ragu da kanta.

Da ta fito sosai sai ɗige-ɗigen kore da ja suka fara bayyana a hoto, hasken da ke yawo a cikin gilashi. Duk ƙurar da ke kan gilashin tana ninka su. Na matsa taku biyu na ɓoye ranar a bayan gangar giginya, na bar gefenta kawai na leƙowa, na sa f/16 ta yi tsinke-tsinke. Na kuma gargaɗi yaron da babbar murya, don na ga yana sha'awar leƙa babbar kyamarar: ba a kallon rana ta ramin leƙe da gilashi mai jawowa, yana tara hasken ne ya zuba a ido. A duba ta fuskar kyamara, kuma kada a bar ta tana fuskantar rana ta daɗe.

Baba ne ya ce in waiga. Duk hankalina na gabas, ashe a bayana hasken ya kwanta a kan fadama, ya bi kan ciyawa, ya rina farin shanun wani Bafulatani da ke gangarowa. Babu tazara, babu ƙuna, kyamara ta ɗauka ba gardama. Na yi wa makiyayin sallama na nemi izini, ya ce in ɗauki shanun amma ban da shi, na ce na gode. Wannan ka'ida ce da ba na sassautawa a bakin ruwa. Akwai mashaya inda mata ke wanki da wanka, can ko ɗaga kyamara ba a yi. Gada da shingen jami'an tsaro ma a bar su.

A hanyar komowa na gwada ɗauka daga cikin kwalekwale. Ƙafa-uku ba ta da amfani a nan, jirgin duka ke rawa. ISO 800, ƙiftawa 1/500, gwiwar hannu a manne da ciki, igiyar kyamara a wuya. Na samu hannun Baba a kan gorar tuƙi, fatar ta yi kanta, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa, kowane ɗigo da ɗan haskensa.

Safiyar da za mu bar garin fadamar shinkafa muka nufa. Lokacin dashen rani ne, injinan ban ruwa na ta ƙara tun duhu, kowane da bututunsa a cikin ƙasa. Noman nan ya ƙara bunƙasa tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, yanzu kuma ga kamfanin casar shinkafa a garin. Ga mai hoto, kowane fangali da aka cika da ruwa madubi ne, kunyoyin da ke tsakaninsu kuma layuka ne da ke jan ido zuwa nesa. A nan ban fuskanci rana ba, na bar ta a gefen kafaɗata. Hasken gefe shi ke fito da tudu da kwari, ya sa kowane tsiron shinkafa ya yi inuwarsa. Hayaƙin injin ma, da ke ɓata wa mutum rai da rana, da haske ya ratsa shi ta baya sai ya zama ado. Wani manomi ya ce in dai zan ɗauka to in jira ya gyara hularsa.

A kan gyara kuwa mun yi musu da yaron a tsakar gida. Ya buɗe manhajar gyaran hoto ta Lightroom a wayarsa ya ja maɓallin cire hazo har ƙarshe, ya ƙara launi, hoton safiyar farko ya koma shuɗi da ja, sama ta yi dabbare-dabbare. Ya ce haka ake so. Na ce wa ke so? Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gulbin nan cikin hunturu ba zai gane wurin ba. Ni abin da nake yi kaɗan ne: in daidaita kwanciyar ruwa, in ɗan ƙara duhun abin da ke kusa, in ɗago inuwa kaɗan a hotunan safiyar da ta washe, in goge ɗigon ƙura. Bai yarda ba, ya sa nasa a Instagram, kuma ba zan ɓoye ba, an yaba masa.

Kafin mu wuce tasha muka biya mu sallami Baba, na ba shi abin da muka yi alkawari da ɗan goro a kai. Na nuna masa hoton hannunsa. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu ya nisanta ta da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce ashe haka ya tsufa. Ba shi da babbar waya, sai ya kira jikansa ya ba ni lamba. Na tura masa hoton ta WhatsApp, amma a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba, domin manhajar na matse hoto, kuma abin da ke fara lalacewa shi ne laushin sama, sai ya fito layi-layi. Jikan ya ce datarsa ba za ta iya saukewa ba. Na sa masa kati na ɗari biyar, muka tsaya har ya buɗe, sannan muka hau babur, don an ce motar Sakkwato saura mutum biyu ta cika.